Deerfield: Gidan Fasto Williams da 'Yar da Ta Ƙi Komawa

Kawuna da ke zaune a Springfield, a jihar Massachusetts ta Amurka, ba ya barin baƙo ya yi barcin safe ranar Asabar. Gari na wayewa ya buga mini ƙofa, ya ce in haɗa rigar sanyi biyu, za mu Deerfield. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwa duk ya rine, wani ja wani ruwan ɗorawa. Muka hau babban titin da ya bi kwarin kogin Connecticut ya miƙe arewa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Deerfield ba wani gari ba ne na a zo a gani ta fuskar girma. Titi ɗaya ne mai tsawon kamar mil guda, tsofaffin gidajen katako na ƙarni na 18 sun jeru dama da hagu, gonaki a bayansu. An mai da da yawa daga cikinsu gidajen tarihi, ga kuma makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali, Deerfield Academy, wadda aka kafa a 1797. Shiru ya yi yawa har mutum na jin takunsa a kan busasshen ganye. Sai dai a shekarar 1704 nan ne bakin iyakar mulkin mallakar Ingila ta arewa maso yamma. Daga nan babu wani garin Turawan Ingila, sai daji da duwatsu har Kanada, inda Faransawa ke mulki. Kafin zuwan Turawa kuwa ƙasar ta mutanen Pocumtuck ce, su ke noma masara a wannan fadama. An taɓa watsewa daga garin a 1675 saboda yaƙi, aka dawo aka sake gina shi a farkon shekarun 1680.

Wanda ya kawo mu shi ne John Williams, limamin cocin garin na fiye da shekara 40. A wancan zamani, a wannan yanki na 'yan Furotesta masu tsantseni da ake kira Furitan, gari ba ya amsa sunan gari sai yana da fastonsa. Ba wani bishop ke turo shi daga sama ba. Magidanta ne ke zama a taron gari su zaɓe shi, su yanka masa albashi, su karɓi kuɗin daga harajin kowa. Williams ya zo Deerfield a 1686 yana ɗan shekara 21 ko 22, aka naɗa shi a 1688. Abin da aka yi masa alkawari fam 60 ne a shekara, daga baya ya koma 80, kuma ba tsabar kuɗi ba: alkama, wake, masara da naman alade. Suka gina masa gida, suka ba shi gona. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya yi dariya, ya ce, "To ai da sauƙi, ɗana, ko ba komai ba zai kwana da yunwa ba."

Asalinsa bai fara daga mumbari ba. Kakansa Robert Williams badukun takalma ne daga Norwich ta Ingila, ya tsallako teku a 1637 ya zauna a Roxbury, wadda yanzu unguwa ce a cikin Boston. Ubansa Samuel shi ma takalmi yake ɗinki, yana kuma riƙe da muƙamin dattijon coci. Uwarsa Theoda 'yar gidan Park ce, kuma kakansa na wajen uwa ne ya taimaka aka kai shi Harvard. An haife shi a 1664, ya gama karatu a 1683. Ɗalibai 3 ne kacal suka fita a ajinsu, biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya: shi da ɗan baffansa William Williams, wanda ya zama faston Hatfield, garin da muka wuce ta gefensa a hanya.

Aure ne ya ɗaga shi. A 1687 ya auri Eunice Mather, kuma duk wanda ya san tarihin New England, wato wannan yanki na arewa maso gabashin Amurka, ya san nauyin wannan suna. Kakanta Richard Mather ya zo daga Ingila a 1635 ya zama faston Dorchester. Ubanta Eleazar shi ne faston farko na Northampton. Baffanta Increase Mather ya shugabanci Harvard, ɗansa Cotton Mather kuwa shi ne mai wa'azin da ya fi kowa suna a Boston. Ta wajen uwa ma haka: uwarta Esther 'yar John Warham ce, faston Windsor. Da Eleazar ya mutu, sai Esther ta auri wanda ya gaje shi a mumbari, Solomon Stoddard, ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da wadda ta haifi Jonathan Edwards, shahararren malamin tauhidin Kirista na Amurka. Na tsaya a gaban wani allo ina bin waɗannan layuka da yatsa har kaina ya ɗaure. Abin ya yi mini kama da tsofaffin gidajen malamai na cikin birnin Kano, inda almajiri mai hazaƙa ke auren 'yar malaminsa, jikoki su gaji zaure da littattafai, har ka rasa inda zumunci ya tsaya da inda ilimi ya fara. Kawu ya taƙaice mini: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Muka shiga gidan tarihin Memorial Hall, wani ginin jan bulo da aka buɗe wa jama'a a 1880. A nan aka ajiye abin da kowa ke zuwa gani, wato ƙofa. Ƙofar gidan John Sheldon ce, ɗaya daga cikin manyan garin. An rushe gidan a 1848, ita aka tsirar. Katako ne mai kauri, ninki biyu, an jera masa ƙusoshin ƙarfe layi-layi don kada gatari ya ci shi da sauƙi. Duk da haka gatari ya ci. A tsakiyarta akwai rami, gefensa duk sara ne, wani a kan wani, wasu sun goce sun bar tabo a jikin katakon. Ta wannan rami aka zura bindiga aka harbe matar gidan, Hannah. Ramin bai fi mutum ya zura hannu ba. Na daɗe a tsaye ina kallon yadda saran ya taru wuri guda. Wanda ya yi shi ba ya cikin ruɗu, ya san abin da yake yi.

Abin ya faru ne kafin asubahin 29 ga Fabrairu, 1704. Ingila da Faransa suna yaƙi a Turai kan wanda zai gaji sarautar Sifen, wutar ta tsallako har nan. Wani hafsan Faransa, Hertel de Rouville, ya taho da Faransawa kusan 50 da mayaƙa kamar 200 na 'yan asalin ƙasar: Abenaki, Huron, da Mohawk na Kahnawake. Kowa da abin da ya kawo shi. Faransawa na son su tsorata iyakar Ingila. Abenaki na da tsohuwar ƙullalliya kan ƙasarsu da ake ta cinyewa. Wasu kuwa mutane suke nema, ko don kuɗin fansa ko don su maye gurbin mamatansu. Garin na da shingen gungume, amma iska ta tara dusar ƙanƙara a jikinsa har ta zama tudu, sai suka taka suka dira ciki. Mutum kusan 50 aka kashe, aka kama 112.

Gidan fasto na cikin na farko da aka fasa. Williams ya ɗauko ƙaramar bindiga ya ɗora a ƙirjin wanda ya fara shigowa, ta ƙi tashi. Daga baya shi da kansa ya ce da ta tashi da nan take an kashe shi. A bakin ƙofa aka kashe 'ya'yansa biyu, John mai shekara 6 da jaririya Jerusha mai mako 6. Aka tasa ƙeyarsa da matarsa da 'ya'ya biyar: Samuel, Esther, Stephen, Eunice ƙarama da Warham. Babban ɗansu Eleazer ya tsira don yana makaranta a wani gari.

Akwai mutum biyu a wannan gida da suka tsaya mini a rai, kuma ba su cikin allon zuri'ar da na bi da yatsa. Fasto Williams yana da bayi baƙar fata, Frank da matarsa Parthena. An kashe Parthena a daren, tare da yaran. Frank kuwa a zangon farko na tafiya aka kashe shi. A littafin da Williams ya rubuta bayan dawowarsa ko sunansu bai kama ba, launin fatarsu kawai ya ambata ya wuce. Mutumin da ake iya lissafa kakannin matarsa har Ingila, ga wasu biyu a ƙarƙashin rufinsa da ba a rubuta uwarsu ko ubansu ko garinsu ba. Kuma abin bai sa ya daina ba, don ko da ya mutu akwai yara bayi biyu a lissafin dukiyarsa. Wanda ya gaje shi, Jonathan Ashley, shi ma ya mallaki wata mata da ake kira Jenny, wadda aka sato daga gabar Afirka ta Yamma tana yarinya, da ɗanta Cato. Gidan Ashley na nan tsaye a ƙarshen titin ta arewa. Masu kula da gidajen tarihin yanzu suna faɗin wannan a fili, ba sa ɓoyewa, kuma na yaba musu. A wani ɗaki na Memorial Hall ma akwai allunan marmara na ƙarni na 19 da ke kiran 'yan asalin ƙasar da sunayen wulaƙanci. Maimakon a kankare rubutun, an rufa wasu da ƙyalle mai ɗauke da sabon bayani, mai so ya ɗaga ya ga abin da kakanni suka rubuta.

Daga nan muka taka zuwa tsohuwar maƙabarta, a ƙarshen wata 'yar hanya da ta gangara wajen kogi. A wani kusurwa akwai tudun ƙasa da dutse a kansa, kabarin bai-ɗaya na mutum 48 da suka mutu a harin. Kaburburan Williams da matarsa suna kusa da juna. Yadda gawarta ta dawo nan shi ya sa muka sake shiga mota.

Arewa kaɗan, a ƙasar Greenfield, hanya ta sauka cikin wani kwari mai duhun itatuwa, inda gadar katako mai rufi ta haye kogin Green River. Ruwan ba shi da faɗi, ana ganin duwatsun ƙasansa. Na sa hannu a ciki, ban iya ƙirga goma ba na cire, kuma wannan a Oktoba ke nan. Su a ranar 1 ga Maris suka ratsa shi da ƙafa. Eunice Mather ba ta gama wankan jego ba. Da safen ranar ta samu ta yi magana da mijinta, ta ce masa ƙarfinta ya ƙare, suka yi sallama. A tsakiyar ruwan ta faɗi, ta nutse har ka, ta taso ta kai gaɓa, a gindin tudun da ke gaba wanda ya kama ta ya sare ta da gatari sau ɗaya. Haka suke yi wa duk wanda ya kasa tafiya, don ba a tsayawa jiran kowa a cikin ƙanƙara da masu bin sawu a baya. Maƙwabta suka tsinci gawar suka mayar Deerfield. Akwai dutsen tunawa a gefen hanya. Kawu bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta", muka koma mota ya kunna na'urar ɗumama.

Tafiyar ta kai mil 300, a kan ƙanƙarar kogin Connecticut da ta tafkin Champlain. Mutum 89 ne suka isa Kanada. Ranar Lahadin farko an bar Williams ya yi wa sauran kamammu wa'azi a bakin wani kogi a ƙasar da yanzu take jihar Vermont, har yau kogin sunansa yake amsawa. Yara ƙanana kuwa, abin mamaki, an fi lallaɓa su: Eunice ƙarama a kafaɗa aka ɗauke ta mafi yawan hanya.

A Kanada gwamna Vaudreuil ya fanshi Williams daga hannun waɗanda suka kama shi, ya ajiye shi, akasari a wani ƙauye kusa da Quebec. Ba don Allah ya yi ba. Turawan Boston na tsare da wani ɗan fashin teku da Faransawa ke ji da shi, ana kiransa Baptiste, kuma fasto mai dangi irin na Williams kaya ne mai tsada a teburin musaya. Limaman Katolika suka yi ta fama da shi ya sauya ɗariƙa, da lallashi da alkawarin kuɗi da na haɗa shi da 'ya'yansa. Tun kafin nan ubangidansa na farko, ɗaya daga cikin mayaƙan da suka kama shi, ya taɓa ɗaga masa gatari don ya sumbaci gicciye, ya ƙi. Ɗansa Samuel ya karkata na ɗan lokaci, uban ya yi ta aika masa dogayen wasiƙu har ya dawo. A Nuwamban 1706 jirgin ruwa ya sauke Williams a Boston tare da kamammu fiye da 50. Littafinsa ya fito a 1707 ya yi kasuwa ƙwarai, aka yi ta sake buga shi. Ya koma Deerfield, gari ya gina masa sabon gida, ya auri wata 'yar'uwar marigayiyar mai suna Abigail, ya ci gaba da wa'azi har mutuwarsa a 1729.

'Ya'yansa maza uku na wajen Eunice Mather duk sun bi Harvard sun hau mumbari: Eleazer a Mansfield, Stephen a Longmeadow, Warham a Waltham. Esther ta auri fasto. Ta ɓangaren baffanninsa kuwa gidan Williams ya zama gidan da ke juya yammacin Massachusetts. Daga cikinsu aka sami wanda ya bar dukiyar da aka kafa kwalejin Williams da ita, da wanda ya sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776. Duk wannan daga jikokin badukun Norwich.

Saura mutum ɗaya. Eunice ƙarama tana da shekara 7 aka kai ta Kahnawake, ƙauyen Mohawk mabiya Katolika a tsallaken kogin St. Lawrence daga Montreal. Wata mata da 'yarta ta mutu ce ta karɓe ta a matsayin 'ya, ba baiwa ba. Uban ya samu ganinta tun yana tsare, a lokacin tana iya karanta masa abin da ya koya mata na addini. Da aka nemi fansarta, mutanen ƙauyen suka ce ba ta sayarwa ba ce. Cikin 'yan shekaru Turanci ya zube daga bakinta. Aka yi mata baftisma da sunan Marguerite, a 1713 ta auri wani saurayin Mohawk mai suna Arosen tana da shekara 16. A shekarar wani ɗan kasuwa daga Albany, John Schuyler, ya je ya zauna gabanta yana roƙo ta bakin tafinta, ta yi masa shiru na tsawon lokaci, a ƙarshe ta ba shi amsa a gajarce cewa ba za ta ba. Uban ya koma Kanada da kansa a 1714, ya gan ta, ya dawo hannu rabbana.

A idon danginta wannan ya fi mutuwa ciwo: jikar Mather, ta zama Katolika, ta auri wanda suke ɗauka arne. Cotton Mather ya sa ta a addu'o'insa, coci-coci suka yi ta roƙo a kanta shekara da shekaru. Ni dai da na auna, ban ga abin zargi a wurinta ba. Yarinya ce da aka raba da uwa tana shekara 7, wata uwar ta goya ta, ta yi mata tarbiyya, ta girma cikin harshe da dangi da miji. A Kahnawake gida da gona na mata ne, ta wajen uwa ake lissafa zuri'a, tsofaffin mata ke da bakin magana wajen zaɓen shugabanni. A ce ta bar 'ya'yanta da wannan matsayi ta koma cikin mutanen da ba ta jin maganarsu, don a nuna ta a coci a matsayin ɓatacciyar da aka tsinto? Ba ita kaɗai ba ce ma; yara da dama daga cikin kamammun Deerfield, musamman mata, sun zauna a Kanada ba su dawo ba. Ita dai sunan gidansu ne ya sa nata labarin ya yi amo.

Da la'asar muka juyo kudu, Kawu ya ce tunda Longmeadow na manne da Springfield bari mu ƙarasa. Gari ne mai dogon fili kore a tsakiya, coci fari a gefe, maƙabarta a bayansa. Nan Stephen Williams ya yi limanci daga 1716 har mutuwarsa a 1782, shekara 66 a mumbari ɗaya. Yana da shekara 10 aka kama shi, ya yi fiye da shekara a hannun Abenaki. Ya bar littafin ajiyar tarihin rayuwarsa mai dubban shafuka, kuma sunan ƙanwarsa na yawan fitowa a ciki. Sai a 1740 suka sake haɗuwa, a Albany, bayan shekara 36, da tafinta a tsakaninsu. Daga nan ta riƙa kawo ziyara ita da mijinta, zuwa na ƙarshe a 1761. Jama'a kan yi dafifi daga garuruwan kewaye don su gan ta. Ana ba da labarin cewa ba ta yarda ta kwana cikin gida, sai su kafa bukka a lambun bayan gidan, kuma in an sa mata kayan Turawa don zuwa coci, ana dawowa take cirewa ta yafa bargonta. Hukumar Massachusetts ta yi musu tayin fili in za su zauna, suka ƙi. Duk da haka ba ta yanke zumunci ba, har tsufa tana aiko wa wanta saƙo. Ta mutu a Kahnawake a 1785 tana da shekara 89, ita ce ta ƙarshe a cikin kamammun 1704.

Sunan Williams bai ɓace a can ba. Jikanta Thomas ya ɗauke shi, kuma a 1800 ya kawo 'ya'yansa maza biyu Longmeadow don dangin su ba su ilimi. Ɗaya daga cikinsu, Eleazer, ya zama mai wa'azin Furotesta a cikin mutanen Oneida, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, yana kuma cikin waɗanda suka ja wasunsu zuwa Wisconsin. Da alama dai addu'ar gidan ta karɓu, an sake samun fasto daga reshen da ya ɓalle. Sai kuma da girma ya zo masa ya fito da wata sabuwa: wai shi ba ɗan Mohawk ba ne, shi ne ɗan Sarkin Faransa Louis na 16, yaron da aka ce ya mutu a kurkuku a 1795, an sato shi ne aka ɓoye a Kahnawake. A 1853 wata mujalla a New York ta buga labarin, mutane da yawa suka hau kai suka zauna. Tsohuwar uwarsa tana raye a lokacin, ta yi rantsuwa a rubuce cewa ita ta haife shi. Ya mutu a 1858 cikin talauci bai janye maganarsa ba. A shekarar 2000 aka yi gwajin ƙwayar halitta a kan zuciyar yaron da ya mutu a kurkukun Faris, wadda wani likita ya ɓoye tun ranar da aka buɗe gawar, aka tabbatar ɗan Marie Antoinette ne, matar Louis na 16.